Jajayen Shanun Kogon Ɗanasabe

Ɗanasabe Bamaguje ne, manomin dawa da auduga a wata 'yar unguwa da ke bayan Dayi. Dama can ba mai yawan magana ba ne, amma tun da matarsa Tani ta rasu a shekarar fari, wato saba'in da uku, sai ya koma kamar turmin da aka kife. Yana noma, yana ci, yana kwanciya. In ka gaishe shi ya amsa, in ka wuce ba gaisuwa duk ɗaya ne a wurinsa. Ya taɓa gaya wa 'yarsa Rakiya cewa shi ba baƙin ciki yake ji ba, komai ne ba ya ji.

A ƙarshen gonarsa akwai dutse mai kogo, a bangon kogon kuwa akwai zanen jajayen shanu masu dogayen ƙahoni. Ba wanda ya san wanda ya fara zana su. Abin da aka sani kawai, gidansu Ɗanasabe ke kula da su. Duk shekara kafin shuka, maigidan zai kwaɓa jar ƙasa da ƙaro, ya tauna bakin ɗan itace kamar asuwaki, ya bi layin shanun a hankali, inda ubansa ya bi, inda kakansa ya bi. Ba ƙari, ba ragi. Ɗanasabe ya shekara ashirin yana wannan aiki, amma daga mutuwar Tani bai sake taka kogon ba, shanun kuwa suka dushe.

A saba'in da takwas wani kamfanin aikin titi ya zo neman dutsen da zai fasa ya yi tsakuwa, idonsu ya faɗa kan wannan. Mai unguwa ya ce da kaka za a sa masa nakiya. Ɗanasabe ya ce to.

Ana nan sai ga wani saurayi a kan babur, Malam Aƙilu, ma'aikacin wani ofishi mai adana kayan tarihi, wanda ya tsinci labarin kogon a kasuwar Malumfashi. Ya shiga da tocila, ya fito ya nufi Ɗanasabe.

"Baba, ka san abin da ke gonarka kuwa? Wannan zai kai shekaru dubbai. A ƙasar Masar irin wannan zane gadinsa ake yi, mutane na zuwa kallo daga bangon duniya. Zan kawo maigidana daga Kaduna. In ya gani ya sa hannu, ba mai taɓa dutsen nan."

Ya ɗaga kyamara, ya sauke, ya yi tsaki. "Sai dai sun dushe da yawa, ko a hoto ba za su fito ba."

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta tsaya wa Ɗanasabe a rai. Karon farko cikin shekara biyar ya ji wani abu, kuma kunya ce. Babban baƙo zai zo ya tarar da shanun ubansa kamar ba su da mai su. Ko ɗakin tsohuwa ai ana yi masa shafe in za a yi baƙi. Ya kuma ga jar ƙasa abin gida ce, ba ta kai a nuna wa manyan gwamnati ba. Ranar kasuwa ya tafi Malumfashi shagon Chukwuma mai kayan gini, ya sayo gwangwanin jan fenti. Chukwuma ya ce wannan ko ruwan Agusta ba ya wanke shi, kuma gaskiya ya faɗa.

Kwana uku Ɗanasabe ya yi yana aikin. Hannunsa bai manta ba, ko ƙaho ɗaya bai kauce wa layi ba. Da ya gama, shanun sai sheƙi suke yi.

Babban ya iso a mota, Malam Aƙilu na gaba yana nuna hanya. Tun daga bakin kogon warin fenti ya tare su. Mutumin ya dangwali bangon, ya dubi ɗan yatsansa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Shekaranjiya na gama."

Malam Aƙilu ya shiga rantsuwa cewa tsohon zanen na nan a ƙarƙashi. Ɗanasabe ya so ya taimake shi, sai ya ce, "Ai haka muke yi duk shekara, tun kakanni."

"To ka ji," in ji babban. "Ashe ma kullum sabo ne."

Ya goge yatsansa da hankici, ya koma mota bai sa hannu a komai ba. Shi dai abin da ya karanta a littafi ya sani, tsohon abu shi ne wanda ba a taɓa ba. Malam Aƙilu ko hoto bai ɗauka ba, don ya ce ba shanun da ya gani ba ne.

Da kaka aka sa nakiyar. Ɗanasabe na can ɗaya gefen gonar yana tsinkar auduga, ƙasa ta girgiza, tsuntsaye suka watse. Rakiya ta fashe da kuka. Shi kuwa ya ɗan dakata har ƙurar ta lafa, sannan ya ci gaba da tsinka.

Bayan shekara takwas Malam Aƙilu ya dawo, ya yi ƙiba, ya tarar da Ɗanasabe a ƙofar gida, ya tsufa ƙwarai. Suka gaisa. Ya fiddo farar takarda da jan fensir.

"Baba, abin nan bai bar raina ba. Babu hoto, babu komai, kai kaɗai ka rage da ka san kamanninsu. Zana mini ko guda ɗaya in ajiye."

Ɗanasabe ya karɓi fensirin. Ya ɗora takardar a gwiwa, ya daɗe yana kallonta.

"Malam, ina layin?"

"Wane layi, Baba?"

"Wanda zan bi. Ni ban taɓa zana saniya ba. Sawun ubana nake bi."

Ya miƙa masa fensirinsa da takardarsa, fara fat kamar yadda ta zo.