Ranar da Inna ta shanye karatun Hajara

"Yaya, wa ya wanke allon nan?" in ji ƙanwata Hajara, ga jarrabawa washegari.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba, tana karatun jinya. Kalmomin likitoci na Girkanci da Latin sun ƙi zama a kanta. Ni kuwa allo na sani, sai na rubuta mata su a allo da ajami: gastiro ciki, kadiyo zuciya, aitis kumburi. Muna biyawa muna rangaji.

Ashe Inna ce ta dawo daga kasuwar kifi ta Yawuri da ciwon ciki, ta ga rubutu, ta yi bisimilla, ta wanke ta shanye.

Na ce, "Inna, ki gafarce ni, ba aya ba ce. Kalmomin asibiti ne."

"An ambaci ciki?"

"Shi ne na farko."

"To, shi ya sa ya lafa. Gobe ku rubuto min na gwiwa."

Hajara na kuka, na ce ta biya da ka. Ba ta yar da ko ɗaya ba, ashe hadda ta zauna.

Allah ya jiƙan Inna. Jama'a, ku me naku suka taɓa sha da kyakkyawar niyya?