Ranar da Na Zama Na'urar Baffa

Jiya jikata ta ɗora mini kwamfutarta a cinya tana ƙunƙuni. An ba su aiki su rubuta umarnin da zai bi jimla harafi bayan harafi, ya ƙirga sau nawa wani harafi ya fito. Nata kuwa, ko me ta ba shi, ɗaya yake cewa ko sifili. Ina gani dariya ta kama ni, har na ji ƙamshin ɗanyar gyaɗa a hancina.

Bari in gaya maka, a gidanmu na Gwaram ni ce yarinyar da ba a son aike. Ba ƙiwuya gare ni ba. Abin da aka faɗa shi nake yi, ba ƙari ba ragi. Inna ta taɓa cewa in kori kaji daga shanyar gero, na kore su tas, na zauna ina kallon akuya tana ci. Na sha ranƙwashi a kan wannan hali, har Goggo, yayar babanmu, takan ce kaina na ɗaukar tulu ne kawai.

A shekarun da arzikin man fetur ya buɗe, Baffa, ƙanen babanmu, yana jami'a yana koyon kwamfuta. Ya ce na'urar ta cika ɗaki guda, da katuna masu huji ake mata magana, in ka miƙa yau sai an kwana biyu ka ga amsa. Ƙarshen wata damina ya dawo gida jiki a sanyaye. Ya faɗi jarrabawa, saura masa dama ɗaya, in ya sake faɗuwa a sallame shi. Aikin irin na jikata ne, kuma kullum na'urar ɗaya take ce masa. Ya karanta umarninsa har ya haddace, bai ga aibunsa ba.

Wata rana da hantsi muna tsinkar gyaɗa a tsakar gida, ya ce yana neman wanda zai zame masa na'ura, wanda ba zai yi tunani ba ko kaɗan. Duk gidan aka juyo aka dube ni.

Ya ari abin wuyan Goggo, duwatsu ja da fari a zare ɗaya, ya ce su ne haruffa, jajayen ake nema. Ya ba ni ƙoƙo, ya jero mini umarni: juye ƙoƙo, taɓa dutse, in ja ne jefa gyaɗa ɗaya a ciki, matsa gaba, koma umarnin farko.

Na juye, na taɓa, na jefa, na matsa, na koma farko, na juye gyaɗar a ƙasa. Kaji suka yi mata caa. Baffa ya ɗaure fuska, ya tambaya wa ya ce in zubar.

"Kai ka ce, Baffa. Ka ce in koma farko, farkon kuwa juye ƙoƙo ne."

Inna ta riga ta naɗe yatsun ranƙwashi, Baffa ya ce ta dakata, ni kuma in ci gaba. Na bi zaren har ƙarshe. Dutsen ƙarshe ja ne, ƙoƙo ya tashi da gyaɗa ɗaya tal. Ya daɗe yana kallonta.

"Wallahi abin da na'urar take mini ke nan," in ji shi a hankali. "Sau ɗaya ya kamata a juye, kafin a fara zagayen."

Ya gyara, ya ce in riƙa komawa umarni na biyu. Wannan karon ƙoƙo ya riƙe gyaɗarsa, Goggo ta bi jajayenta da yatsa, lissafi ya yi daidai.

Babanmu ya raka shi Birnin Kudu ya hau mota, kuma Allah ya sa ya ci jarrabawar. Da ya dawo hutu, a gaban kowa ya ce a sa ni makaranta, kuma kada wanda ya gyara mini hali. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Goggo ta ce ta ji, amma ita dai ba za ta aike ni ba. Daga baya aikin kwamfutar nan na koyar har na yi ritaya.

Yau na'urar da ta cika ɗaki ga ta a cinyata, tana ba da amsa kafin ƙiftawar ido, shi ya sa yara ke ta dannawa ba sa bin sawunta. Baffa da Goggo duk sun riga mu gidan gaskiya, amma abin wuyan yana adakata. Ban nuna wa jikata inda ta yi kuskure ba. Na ɗauko shi, na ba ta kofi da gyaɗa, na ce ta yi abin da ta rubuta, ba abin da take nufi ba. A dutse na biyu ta tsaya cak, kofin a karkace a hannunta, ta ɗago ta dube ni.