Randar Mota

Wahala muka sha a shekarun nan, ba ni da wani suna da zan sa mata. An ce dimokuraɗiyya ta zo, kowa da tutar jam'iyyarsa a ƙofar gida, amma ma'aikata ba albashi, kuma in ma'aikaci bai samu ba, mu ƴan tasha ba mu samu. Ni ban yi lakkwal ba, ban san boko ba. Tuƙi kawai na iya, shi ma yayana ya koya mini.

Da ya rasu, ya bar mini tsohuwar motarsa mai buɗaɗɗen baya, wadda muke kira bashe, ya bar matarsa da ɗiyansa ƙanana a sashensa na gidanmu. Bayan takaba mahaifinta ya zo daga Barmou zai tafi da ita da yaran. Na durƙusa na ce ya bar mini su, muddin motar nan tana tashi ba za su kwana da yunwa ba. Tsohon ya daɗe yana kallon motar, sannan ya ce to, amma ranar da ta tsaya, zai aiko.

Yayana yana da wata ɗabi'a da ƴan tasha ke yi masa dariya a kai. Bai taɓa zuba wa radiyato ruwan famfo ko na rijiya ba. Da damina yakan tari ruwan sama daga indararo, ya tace da ƙyalle, ya ajiye cikin wata babbar randa da muke kira randar mota. Sai ya gauraya shi da koren ruwan nan na kanti mai sanyaya inji. Ba wanda ke sa moɗa a randar. Bayan ransa matarsa ta ci gaba da tarar ruwan, ko ba a ce mata ba.

Shekarar da aka karya darajar sefa, koren ruwa ya fi ƙarfinmu. Wanda ake sayarwa a gefen tasha kuma launi ne kawai aka kaɗa, in ka sa yatsa sai ya rina maka farce. Na koma ruwan randa zalla, motar ba ta yi gardama ba. Sai bazara ta zo da zafi, famfon unguwarmu ya ɗauke, ƴan ga-ruwa suka ɓace. Na dawo da rana na tarar da matar yayana tsaye gaban randar, autanta yana kuka, leɓensa a bushe.

Ta ce, "Baban yara, ban taɓa ba. Kai nake jira."

Na ce, "Yaya, mi kike jira? Ba su su sha."

Ko yau aka maido ni wurin, abin da zan faɗa ke nan. Kafin famfo ya dawo randar ta kai ƙasa.

Daga nan na shiga zuba abin da na samu a hanya. Hanyata Tahoua zuwa Takanamat ce, ranar kasuwa. Akwai wata rijiya can gaba da makiyaya ke yabo saboda ruwanta na da kanwa, dabba na sha tana murjewa. Nan nake tsayawa in mota ta yi zafi. Wani dattijo mai raƙuma da kansa yake ja mini guga. Na taɓa ce masa ruwan yana da ɗanɗano. Ya yi dariya ya ce, "Shofer, dubi tozon raƙumina. Abin da ya gyara wanga, ƙarfe ne zai ƙi shi?" Fasinjoji suka yi ta dariya, har da ni. Alheri yake yi mini, kuma a tunaninmu duka ruwan da ya karɓi dabba ruwa ne mai kyau.

Motar ta fara shan ruwa kamar jaki, ba ɗigo a ƙasa. Sai farin hayaƙi a baya. Wata rana na zaro sandar gwajin mai, na ga man ya koma kamar hura da nono.

Makanikin da na kai wa tsohon abokin yayana ne. Ya kwance bututun da inji ke shaƙar iska da mai, ya ciro juwen da ke tsakaninsa da kulas, kan injin, wato shimfiɗar da ke hana ruwa haɗuwa da mai. Ta ruɓe, tana marmashewa a hannunsa. Ya lasa farin da ya daskare a ramin ruwan, ya tofar.

"Kai, miyar kuka kake dafawa a ciki? Wannan ai kanwa ce."

Na ce ya sa sabuwa. Ya ce sabuwa babu a garin, amma ko akwai, in duba nan. Ya sa farce a bakin ƙarfen, farin ƙarfe ne mai taushi irin na tukunya, duk ya yi ramuka. Ya yanka mini wata daga kwali mai kauri, ya shafe da man shanu na inji, ya ce in yi addu'a. Ta kai ni kasuwa ta dawo da ni. A tafiya ta gaba, da kaya da mutane, injin ya sha ruwa ya cije kafin mu fita gari. Makanikin ya duba ya ce, "Ƙanena, ka yi haƙuri. Da zan iya, don marigayi zan yi."

Na gwada neman tuƙin motar wani. Shofer ya fi mota yawa a tasha. Hatsin gida ya yi ta raguwa, matata da matar yayana suna raba abin da bai isa gida ɗaya ba. Mahaifin matar yayana bai yi gaggawa ba, ya ba ni har faɗuwar damina. Ranar da saƙonsa ya iso an yi ruwan farko da la'asar, kuma na ga matar yayana ta jawo randar ta kafa ƙarƙashin indararo, ta tsaya cikin ruwa tana riƙe da ƙyallen tacewa. Motar tana ƙofar gida a kan duwatsu. 

Washegari da safe na ɗauki kayansu a ka, na saɓa autan, muka tafi tasha. Na sa su a motar Barmou, na samar mata gaba. Kafin su tashi na ce wa shofer ɗin ya buɗe mini gaban motar. Na kwance murfin radiyato, na ɗanɗana ruwan, na koma gida na ciko jarka daga randar na kawo masa.