Yis a Hannun Piroska

Shekara ashirin da bakwai Piroska ta yi ba ta kwaɓa fulawa da yis ba, kuma ba don ba ta iya ba. Aikinta ne ya hana. A ɗakin binciken da ke bayan asibiti, ita ce mai kiwon ƙwayoyi, wato ƙwayoyin halittar da ake cirowa daga jikin marasa lafiya. Idan likitoci suka yanke ƙari daga cikin mai sankarar fankiriya, ɗan naman nan da ke kwance a bayan tumbi, ita ke tsayawa a ƙofar ɗakin tiyata da akwatin ƙanƙara. Ta karɓi ɗan yanki kamar ƙwayar wake, ta yayyanka, ta zuba a 'yan faranti cikin wani ruwa ja-ja, ta sa a akwatin ɗumi. Litinin, Laraba da Juma'a ta canza musu ruwa. In yis ya shiga, ko da burbushi ne daga ƙarƙashin farce, cikin kwana biyu ya cinye abincinsu. Matar da ta koya mata aikin ta gaya mata tun ranar farko cewa mai kiwon ƙwayoyi ba ta yin burodi a gida.

Don haka duk shekara, in ranar da al'adar ƙasarsu ta ware wa masu sunanta ta zagayo a kalanda, sha takwas ga Janairu, pogácsar kanti, 'yan ƙananan dunƙulen burodi, take kai wa abokan aiki, mai tauri, mai ƙarancin cuku. Su ci, su yi mata tsiya, su cinye.

Bana ce ta ƙarshe. A watan Maris za ta yi ritaya. Gwiwoyinta sun daina son matakala, wuyanta ya sage da sunkuyo a kan madubin ƙara girma. Ƙwayoyin mutane fiye da ɗari uku sun bi ta hannunta, yawancinsu suka mutu a faranti cikin mako guda, masu su kuma ba su cika daɗewa bayansu ba. Sau shida tana ganin matasan likitoci sun shigo da gudu suna cewa sun gano bakin zaren. Ta daina tashi daga kujera in an zo da irin wannan labari.

Wannan karon Dakta Kincső ce, yarinya mai saurin magana da kullum gashinta a hargitse, mai kiranta Piri néni, wato Inna Piri.

"Piri néni, kin ga, ƙwayar gadon nan kamar makunnin fitila take. Sankarar ta kunna ta, ta bar ta a kunne, shi ya sa magani ba ya kama ta. In muka kashe makunnin..."

"Na ji, 'yata. Matsa, kina yi wa farantina numfashi."

Amma lamba arba'in da ɗaya a wannan binciken daban take, Piroska ma ta san haka. Daga wani manomin barkono aka yanko ta, sunansa Gedeon, yana kwance a hawa na uku. Ƙwayoyinsa sun kama, sun yi dunƙule-dunƙule kamar 'ya'yan inabi. Faranti biyu ne kacal, ba su yi yawan da za a daskarar da wasu a ajiye ba. Nan da kwana goma Kincső za ta kashe makunnin a cikinsu, ta gwada magunguna huɗu, a ga wanda zai yi wa mutumin amfani kafin a fara yi masa ƙarin ruwan magani. In farantan suka lalace, ba inda za a samo wasu, don an riga an cire ƙarin.

Ranar Lahadi da rana mijinta Dezső, tsohon direban bas, ya ajiye jarida ya dube ta.

"Gobe ma duwatsun kanti za ki kai musu? Tsohuwa, haka za su riƙa tuna ki. Matar da ta karya wa Farfesa, shugabanku, haƙori."

"Haƙorin roba ne, ba ni na karya ba."

"Uwarki duk unguwa ba mai pogácsa irin tata. Ke kuma kin tsufa ba wanda ya taɓa ɗanɗana hannunki."

Ta wanke kwanuka, ta goge, sannan ta kira Kincső a waya ta tambaye ta ko za ta iya canza wa arba'in da ɗaya ruwa gobe. Kincső ta ce me zai hana, ai ranarki ce.

Da sassafe Piroska ta kwaɓa. Hannunta bai manta komai ba, ko yawan man shanu, ko yadda ake ninke kwaɓin sau uku. Ta tsaya tana kallon yadda yake tashi a ƙarƙashin ƙyalle, ta ji wani sauƙi da ta daɗe ba ta ji ba. Ta cika kwando, ta lulluɓe, ta shiga bas da shi da ɗuminsa.

A ɗakin shan shayi aka yi ta ihu. Farfesa Vadász ya ba ta furanni, ya sumbaci kumatunta biyu, ya ci biyar a tsaye.

"Piroska, ashe shekara da shekaru horo kike mana!"

Wajen ƙarfe goma waya ta yi ƙara. Kincső ce, tana asibitin yara, ɗanta na fama da zazzaɓi mai zafi, ba za ta iya zuwa ba.

Piroska ta je ta leƙa akwatin ɗumi. Ruwan arba'in da ɗaya ya fara komawa rawaya, alamar yunwa. Ba za su kai gobe ba. Farfesa ya yi shekara goma sha biyar bai taɓa faranti ba, hannunsa ma rawa yake yi. Sauran kuwa ba ta yarda su taɓa ko murfin ba, ita da kanta ta kafa wannan dokar. Ta cire zobe, ta goge farce da buroshi har suka yi ja, ta sauya riga, ta ɗaure kai, ta sa safar hannu biyu, ta fesa sifirit har idonta ya yi yaji. Ta yi aikin cikin minti bakwai, kusan ba ta numfashi.

Ranar Laraba tun kafin ta ɗora farantin a madubi ta sani. Ruwan ya yi duhu-duhu kamar an ɗiga masa madara. Ta duba duk da haka. Ga su nan, ƙanana, masu sheƙi, kowanne da ɗan tsiro a gefensa, sun cika ko'ina. Faranti na biyu ma haka.

Ta taga ana hango kogin Tisza, ƙanƙara na tafiya a kansa a hankali.

Kincső ta shigo, idonta duk rashin barci. Ta duba, ta ɗago, ta sake dubawa.

"Yis yana ko'ina, Piri néni. A iska ma akwai. Ba wanda zai ce daga ina ya zo."

"Ni zan ce."

"Ni ce ban zo ba."

"Ke ɗanki ne ba lafiya. Ni kuma yabo na so."

Ita ta je ofishin Farfesa ta faɗa masa, a tsaye, ba ta rage komai ba. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce za a ba Gedeon maganin da ake ba kowa, wataƙila ya kama, wataƙila bai kama ba. Dama haka ake yi kafin a fara wannan bincike. Bai yi mata faɗa ba, ita kuwa da ya yi da ta fi jin daɗi.

Ta koma ta zuba wa farantan bilic da hannunta, ta jira ruwan ya yi fari, ta jefa a kwandon ƙonawa. Ta wanke akwatin ɗumi lungu-lungu, a durƙushe, sai da ta dafa tebur kafin ta iya miƙewa.

Da yamma ta tarar da Kincső a zaune a matakala, rigar sanyi a kan cinya.

"Akwai tiyata ranar Juma'a," in ji Kincső ba tare da ta ɗago ba. "Wata mata ce. Amma ko sun kama, sai Afrilu za su isa gwaji. Lokacin kin tafi."

Piroska ta tsaya riƙe da ƙarfen matakala. Tun bara take ƙirga kwanakin da suka rage zuwa Maris.

"Gobe za ki zauna kusa da ni," ta ce. "Ke da wannan doguwar ma'aikaciyar tamu mai tabarau. Zan nuna muku yadda ake yi, da tuni ya kamata. Ofishin ma'aikata ƙarfe nawa suke buɗewa?"

"Takwas. Me za ki yi a can?"

"Zan ce su ɗaga takardar ritayata zuwa ƙarshen bazara. Tashi daga kan siminti, sanyi zai kama ki."