Idirisa Mai Tarakta da Ragowar Gona

A Jiratawa aka haifi Idirisa, gidan manoman rani. Shekarar da aka yi babban taron ƙasa a Yamai ya bar garma ya shigo Maraɗi neman aiki, lokacin ma'aikatan gwamnati kansu sai su yi watanni ba su ga albashi ba. Alhaji Abdulmutallib, wani ɗan kasuwar hatsi a unguwar Zariya, ya ɗauke shi yaron mota. Da Alhaji ya sayo tsohuwar tarakta, sai ya damƙa masa ita.

Nan ya yi rayuwarsa. Ya auri Tsahara, suka kama haya a Sabon Gari, suka haifi 'ya'ya mata. Mulki ya yi ta sauya hannu tsakanin farar hula da soja, shi kuwa yana kan tarakta tsakanin Tibiri da Jiratawa. Ciniki a lokacin da ido ake yi. Ya tsaya bakin gona, ya duba faɗinta, ya faɗi kuɗi, mai gona ya ce "a rage," a yi dariya, a shirya.

Bayan rasuwar Alhaji, ɗansa Maman Lawali ya dawo daga Yamai ya karɓi harkar gidan. Ba a jima ba aka yi juyin mulki, aka rufe iyaka, gazuwal, man tarakta, ya yi tsada. Maman Lawali ya sa wata na'ura a jikin taraktar, ya ba Idirisa salula mai lojisiyel, wato manhajar ƙidayar lokaci. In ya shiga gona ya danna, in ya fito ya danna, faktir, wato lissafin kuɗin aikin, ya fita da kansa. Sai dai abin ba ya sanin guntu. Rabin awa in ta shiga ko da minti ɗaya ne, cikakkiya ake rubuta ta.

"Lawali, wanga abu zai haɗa ni da mutane," in ji Idirisa.

"Baba Idi, tafiyar da kake yi daga gona zuwa gona wa ke biyan ta? In ban cike guntayen nan ba, sai dai mu sayar da taraktar."

Idirisa ya san ba ƙarya yaron ya faɗa ba. Ya ci gaba da aiki da salular.

Manoma suka gane da wuri. Mai gona ya koma tsayawa a bakin iyaka yana duban agogo, da ya ga lokaci zai tsallaka sai ya ɗaga hannu. Idirisa ya taka burki, ko da saura kunya biyu ko uku. Gonakin Jiratawa suka cika da gefe ɗaya busasshe wanda ba a taɓa ba. Mutanen da ya tashi da su, waɗanda a da ke ajiye masa fura a inuwa, suka rage yi masa hira. Hirar ma cikin lokacinsu take.

Akwai Rabi, ƙanwarsa ɗiyar baffansa, mijinta ya rasu ya bar ta da gonar tattasai da yara. Ranar da ya yi mata huɗa, ta ɗaga hannu saura kaɗan ya gama.

"Yaya, tsaya nan. Ba ni da kuɗin rabin awa na gaba."

Ya danna salula ya rufe lokaci, sannan ya ƙarasa mata. Amma na'urar ta nuna injin bai mutu ba. Maman Lawali bai yi faɗa ba, ya dai ce cikin ladabi, "Baba, in ka yi wa ɗaya, gobe garin duka za su zo. Don Allah kada a sake."

Bai sake ba. Fartanya ya saya, ya ɗaure ta a bayan kujera. In ya tashi aiki bayan la'asar, sai ya koma gonakin gwauraye da tsofaffi ya sassabe ragowar da hannu. Ya haura hamsin a lokacin, ga hawan jini. Tsahara ta yi magana har ta gaji.

"Malam, kai ka ƙera salular?"

"Ni na taka burkin," ya ce.

Wata ranar zafi, kafin faɗuwar damina, Rabi ta je kai masa ruwa ta tarar da shi kwance cikin kunya, bakinsa ya karkace. A kan babur aka kawo shi asibiti a Maraɗi. Ya rayu, amma ɓarin dama ya shanye, magana kuma sai Tsahara kaɗai ke gane ta.

Maman Lawali ya biya magani, har yau yana aiko da hatsi. Da ya zo dubiya bai iya zama ba, ya gaishe shi daga bakin ƙofa idonsa ya cika. Taraktar yanzu wani mutumin Tibiri ke janta, bai san kowa a Jiratawa ba.

Rabi takan zo ranar kasuwa da ganyen zogale a buhu. Ta zauna kusa da tabarmarsa ta ba shi labarin wa ya yi aure, wa ya rasu. Tsahara ta hana ta yi masa zancen gona, don in ya ji sai ya ƙi cin abinci.