Katangar Lakar Kawu Ummaru

Duk wanda ya san Kawu Ummaru a cikinku ya san ledar nan. Wayarsa ba ta taɓa shan iska ba. Tana cikin farar leda, ledar tana cikin aljihun gaba, kuma kafin ya zaro ta sai ya goge babban yatsansa a riga sau uku, ya yi bisimilla, sannan ya miƙa hannu can nesa kamar mai ba wani, domin ya ƙi tabarau har ya koma ga Allah. Ya ce tabarau na tsofaffi ne. Yana da shekara sittin da ɗoriya a lokacin!

Yayan mahaifiyata ne, manomin albasa a filayen ban ruwa na Bakolori. Ni ne sanadin shigarsa wasan nan namu na intanet, ko da yake ba da niyya ba. Wata rana na kai masa abinci gona, na zauna bakin kanal inda sabis ya fi ƙarfi, ina ta latse-latse. Ya fizge wayata don ya yi mini faɗa. Sai idonsa ya faɗa kan bishiyar baiwa, wato shafin da mai wasa yake raba makinsa don ƙara wa jaruminsa ƙarfi ko gudu ko dabara. A lokacin rassanta sun fi a ƙirga, kowane reshe da 'ya'yansa. Nan take ya manta da faɗan.

"Wanga ai taswirar ruwa ce," ya ce. "Ga babbar hanya, ga ƙananan da ka fita cikinta. Wa ya zaɓa maka taka?"

Na ce masa a intanet na kwafo, akwai gwanaye da suka riga suka gano tsarin da ya fi kowane.

"Abokanka hwa?"

"Su ma shi suka kwafa, Kawu."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Ƙofa ɗari anka buɗe muku, ku duka kunka bi ɗaya? Ko tumakin Inna taka sun fi ku ra'ayi."

Mako biyu bayan haka ya buɗe nasa jarumin. Ya sa masa suna Ummaru, domin a cewarsa ba ya bin kowa da ɓoyayyen suna.

Kun tuna ranar da masu kamfanin wasan suka sabunta shi, suka sare bishiyar nan gaba ɗaya? Aka bar mana akwati uku kacal a kowane mataki: ka taɓa ɗaya, biyun su rufe. Bashiru, shugaban ƙungiyarmu ta mutum biyar, ya yi rantsuwa zai goge wasan. Ya ce an mayar da mu yaran firamare. Ni ma na ji zafi, don ina da littafi guda da na cika da zanen rassan nan, da jan biro da shuɗi. Kawu kuwa dariya ya yi har hularsa ta faɗi.

"Sa'ad da kuke da ɗari ba ku zaɓa ba. Yanzu an ba ku ukku kuna kuka. Mi anka ƙwace muku? Aikin kwafa?"

Amma shi ɗin da ya yi mana dariya, kwana uku ya yi bai taɓa akwati ko ɗaya ba. A matakin ƙarshe an ba shi Bugun Tsawa, wanda ke kayar da abokin gaba nan take, da Gudun Barewa, da kuma Katangar Laka. Ita wannan ta ukun, jaruminka zai tayar da ɗan bango ya tare hanya na ɗan lokaci, shi kansa kuma ba zai iya motsi ba sai bangon ya rushe. Duniya ta haɗu a kan cewa ba ta da amfani. Har matarsa, Inna Hajo, ya karanta wa su ukun tana tsaka da tuƙa tuwo.

"Malam," ta ce, "ka zaɓi wanda zai tashe ka ka ci abincinka tun da zafi."

Ya zaɓi laka. Da Bashiru ya gani sai da ya dafe kai. "Baba, don Allah! Kowa na da bindiga, kai ka ɗauko magini?"

"Ina ruwanka da maginina? Kai dai ka yi tsawarka."

Gaskiya mun sha kashi saboda katangar nan. A filin da ba lungu ba kwana, sai Kawu ya tayar da bango a tsakiyar sarari, abokan gaba su zagaye shi kamar tururuwa ta sami dutse, su wuce. Shi kuma yana tsaye ƙiƙam. Ya ce, "Yau ba ranarta ba ce." Washegari ma ba ranarta ba ce.

Sai ga gasar da muka shirya da samarin Maradun, waɗanda suka daɗe suna mana gori cewa muna wasa da kakanmu. Bashiru ya tara mu ya ce ko dai Baba ya koma Bugun Tsawa, ko a sa wani ɗan Damri a madadinsa. Kuma tun da ni ne ɗan ƙanwarsa, ni zan kai saƙon. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu!

Na yi abin da na iya. Na zauna na auna baiwar nan uku, na rubuta komai dalla-dalla a shafi huɗu, na ja layi da rula. Na same shi a gona yana ba albasa ruwa. Bayan mun gaisa, ya tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya har da akuyar da ta haihu, sai na fara karantawa. Bai katse ni ba. Da na gama ya karɓi takardun, ya miƙa su nesa, ya gyaɗa kai.

"Rubutunka shina da kyau, Nasiru. Amma wanga lissafi naka na wanda ka dukan turmi ne. Turmi ba shi gudu. Ka lissafa inda mutum zai bi in an tare mai hanya?"

Na ce ban lissafa ba.

"Zo nan." Ya nuna mini ruwan da ke gangarowa a 'yar hanya tsakanin fangulan albasa. Ya sa fartanya ya yanko laka, ya datse gaban ruwan, ya ɓalle gefe. Ruwan ya yi ɗan jim, ya juya ya shige fangalin da yake so, ba gardama. "Shekara talatin ban taɓa dukan ruwa ba, amma inda nac ce nan yake zuwa. Tsawarku tana da kyau, ban musa ba. Na san abin da na bari da na ƙi ta. Ku kun san abin da kunka bari?"

Na koma ban cika aiken ba. Na ce wa Bashiru, idona a ƙasa, in an cire Kawu a cire da ni. Duk suka juyo suka dube ni, domin ban taɓa faɗin magana mai tsawon wannan a gabansu ba. Bashiru ya ce, "To, in an ci mu, ku biyu za ku amsa wayar 'yan Maradun."

Ranar Asabar bayan la'asar muka jeru a bakin kanal, kusa da gonarsa, don ya ce ranar ruwansa ce ba zai bar ta ba. Filin da ya fito mai gadoji ne da lunguna. Su biyar duka Bugun Tsawa suka ɗauko, suka yi ta kwantar da mu. Kawu yana ta dasa bango a wuraren da ba kowa. Bashiru yana ihu, "Baba, ba can ake faɗa ba!" Shi ko ya ci gaba da dashensa.

Sai a zagayen ƙarshe na ga abin da ba zan manta ba. Suka taho a dunƙule za su gama da mu. Bango ya tashi a bakin babbar gada. Suka juya hagu, inda ya riga ya koya musu tun ɗazu cewa nan ce hanyar da ke buɗe. Ashe lungu ne da ba ya ɗaukar mutum biyu a jere, bakinsa kuma daidai inda muke tsaye mu huɗu. Suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, muna kayarwa. Wallahi kamar ruwan nan na fangali.

Na waiwaya in dubi fuskarsa, ba ya nan! Wayar tana kan leda. Yana can taku biyar da fartanya, yana juya ruwan gaske zuwa fangali na gaba. Ya dawo ya goge yatsa a riga, daidai lokacin da bangon ya rushe.

"Ai ba ni iya motsi in katanga na tsaye," ya ce. "In zauna ina kallonta albasa ta nutse?"

Mako na zagayowa muka ji 'yan Maradun duk sun koma Katangar Laka, an yi musu cin kaca har sau huɗu. Shugabansu ya bugo waya, ya yi doguwar gaisuwa, ya roƙi sirrin.

"Ɗana, ka taɓa ban ruwa?"

"A'a, Baba, ni tela ne."

"To ka nemi wadda ta yi kama da almakashi. Waccan tawa ce."

Da daminar bara ya kwanta, kwana tara Allah ya karɓi abinsa. Bayan sadakar bakwai Inna Hajo ta miƙo mini wayar a cikin ledarta, ta ce ni ya ambata. Da na kunna, na tarar an sake sabunta wasan, an mayar wa kowa zaɓinsa. Ga Ummaru tsaye, ga akwati uku babu wanda aka taɓa. Bashiru ya ce in latsa laka mana, ai kowa ya san ita ce tasa. Na goge yatsana, na miƙa, sai na ji kamar yana tambayata wa ya zaɓa mini. Na mayar da wayar cikin leda.

Yanzu duk Asabar ina gonar tare da babban ɗansa, ina koyon riƙon fartanya. Na riga na nutsar da fangali biyu. Ran da na kai ruwa ƙarshen layi ba tare da ruwan ya ƙwace mini ba, zan buɗe ledar in duba ko Katangar Laka tawa ce.

Allah ya jiƙan Kawu Ummaru, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci, ya shayar da shi daga ƙoramun Aljanna. Ya ba Inna Hajo da mu haƙurin rashinsa. Amin.