Wata Uku Ina Zaɓen Manhaja

Shekarar da aka rushe ƙauyenmu don a yanka filaye, kowa ya ɗauki hoton abin da ya fi damunsa. Wani rumbunan doya, wata rijiya, ƙanin babana kuwa ya bi kaburbura ɗaya bayan ɗaya. Daga nan muka watse, mu Kurudu, wasu Tungan Maje, wasu Kado wajen 'yan kifi. Hotunan ma suka watse a wayoyin da kullum a cike suke, mai waya ta goge goma don ta samu wurin bidiyon biki.

Baba bai ɗauki ko ɗaya ba. Ranar da aka yi rusau yana asibiti ana duba idonsa, ya dawo ya tarar da fili fetal. Likita ya gaya mini a gefe cewa ganin raguwa zai yi ta yi, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Abu ɗaya Baba ya roƙe ni, in tara hotunan wuri guda ya ga gidansa.

Ni ne ɗan kwamfutar dangi, kuma ina ji da kaina. Aikawa ta zauren hirar waya matse hoto take yi ya dushe, idon Baba kuwa sai babba mai haske. Ban kuma yarda kaburburan kakannina su zauna a rumbun wani kamfani ba. Sai na ce tsohuwar kwamfutata ce za ta zama ma'ajiya a ɗakina, kowa ya zuba nasa daga inda yake. Saura manhajar da zan ɗora mata.

Nan na ɓata. Ta farko har da kalanda da wurin hira take zuwa, ina ɗora ta kwamfutar ta fara huci kamar injin markaɗe. Ta biyu sai kowa ya buɗe asusu da imel. Gwaggonnina da imel? Wata ƙarama na gani tun makon farko, ba nauyi, ka danna mahaɗi ka zuba, shi ke nan. Na raina ta don fuskarta ba kyau, wai kada 'yan'uwa su ce aikina ke nan. Na ci gaba da gwaje-gwaje, na ɗora wannan na sauke wancan, har da rubuta kwatance a takarda kamar mai neman digiri.

Duk Lahadi in na je gaishe da Baba bayan coci sai ya ce, "Oga na kwamfuta, gidana ya iso?"

"Saura kaɗan, Baba."

"To, Allah ya kawo shi."

Na ga ya fara lalube kafin ya kama kofi. Na gani da idona, na ce wa kaina ai gajiya ce. Har yau in na tuna wannan sai in ji na tsani kaina.

A ƙarshe ƙaramar nan da na raina ita na koma wa. Yamma ɗaya ta ishe ni. Kafin kwana biyu hotuna sun shigo, har daga gwaggon da na ce ba za ta iya ba.

Na ɗauki kwamfutar na kai wa Baba ƙarƙashin mangwaro inda yake zama. Na buɗe hoton gidanmu, na cika allon da shi, na ƙure hasken, na ɗora masa a cinya. Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya shafa shi da tafin hannu, ya gyara zama.

"Ka kunna mana, ina jira."

Da ƙyar na ce, "A kunne yake, Baba."

Hannunsa na kan rufin ɗakinsa a hoton bai sani ba. Can ya jingina da kujera ya ce, "To. Ka fara daga ƙofar gida, ka tafi da ni a hankali."